Jules Rimet (1873–1956): Ɗan Kallon da Ya Assasa Gasar Cin Kofin Duniya

Idan ana tarihin wasanni, ’yan wasa ne ke cin gaba: wanda ya jefa ƙwallo a raga, da wanda ya kaɗe ta, da wanda ya ɗaga kofi. Ɗan kallo kuwa ba a cika tunawa da shi ba, sai dai a ambaci yawansa a ƙarshen rahoto. Amma ko a dandalin dambe da kokawa an san cewa idan babu masu zagaye fili, masu shewa da yin kari, to ƙarfin ɗan wasa bai wuce amfanin gidansu ba. Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar wani Bafaranshe da ba a san shi da taka leda ba, amma shi ne ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, har shekara 33, kuma a hannunsa aka haifi gasar da yau ke cika gidajen kallo daga Kano zuwa Damagaram duk bayan shekara huɗu. Jules Rimet ya ga ƙwallo ne daga mazaunin ’yan kallo. Daga nan ya samo basirarsa, daga nan kuma kurakuransa suka fito.

Asali da Tasowa

An haifi Rimet ranar 14 ga Oktoba, 1873, a wani ɗan ƙauye mai suna Theuley a gabashin Faransa, shekara biyu kacal bayan ƙasar ta sha kashi a hannun Jamusawa. Iyayensa ba masu hali ba ne. Neman abinci ya kai su birnin Paris, inda mahaifin ya buɗe kantin kayan masarufi a unguwar Gros-Caillou, kuma Jules yana da kimanin shekara 11 lokacin da ya zama ɗan birni. Ya yi ƙwazo a makaranta, ya karanta ilimin shari’a. Gidansu gida ne na riƙo da ɗariƙar Katolika, kuma yana saurayi ne, a 1891, Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙarsa mai suna Rerum Novarum a kan haƙƙin ma’aikata da halin ƙuncin da masana’antu suka jefa talaka. Wasiƙar ta tayar da ƙungiyoyin matasan Katolika masu neman sasanta mai dukiya da ɗan ƙwadago, Rimet kuma yana cikinsu. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane abin da ya sa mutumin ya nace wa ƙwallo tsawon rayuwarsa ba. A ganinsa fili wuri ne da ɗan lauya da ɗan lebura za su haɗu a ƙarƙashin doka guda.

A watan Fabrairu na 1897, shi da ƙanensa Modeste da wasu abokai suka kafa ƙungiyar wasanni ta Red Star a wani gidan shan gahawa na unguwarsu. Manyan ƙungiyoyin Paris na wancan zamani na ’ya’yan gata ne, ba kowa ake karɓa ba. Red Star ta buɗe ƙofa ga kowa ba tare da duba aljihun uba ba, kuma har yau tana nan a Saint-Ouen, unguwar ma’aikata a arewacin birnin.

Rigimar Biyan ’Yan Wasa

Babbar muhawarar wasanni a farkon ƙarni na 20 ita ce ko ya halatta a biya ɗan wasa. Pierre de Coubertin, ɗan sarautar da ya farfaɗo da wasannin Olamfik a 1896, da masu ra’ayi irin nasa, sun tsaya a kan cewa kuɗi na gurɓata wasa, don haka sai ɗan sha’awa kaɗai ya cancanci shiga gasa. Maganar tana da daɗin ji, amma mai cin gajiyarta shi ne wanda ya gaji abin da zai ci. Ma’aikacin masaƙa da zai bar aiki mako biyu don ya wakilci ƙasarsa, wa zai ciyar da iyalinsa? Rimet ya goyi bayan a biya, kuma a zamanin shugabancinsa na hukumar ƙwallon Faransa, wadda ya fara jagoranta tun kafa ta a 1919, aka soma gasar ’yan wasa na sana’a a ƙasar a 1932. Ingila ta riga ta halatta haka tun 1885.

A nan ne ɗan kallo ya shigo lissafi, domin kuɗin da za a biya ɗan wasa daga ƙofar fili yake fitowa. Duk wanda ya yarda a biya ’yan wasa, ya yarda ke nan cewa taron jama’a shi ne jarin wasan, kuma wajibi ne a ba taron abin da zai sa ya dawo gobe.

Yaƙin Duniya na Farko ya katse komai. Rimet ya shiga soja yana da shekara 40 da iyali, ya fito da lambar yabo ta Croix de Guerre. FIFA, wadda aka kafa a Paris a watan Mayu na 1904 da wakilan ƙasashe bakwai, ta fito daga yaƙin a galabaice, ga gaba tsakanin waɗanda suka yi nasara da waɗanda aka ci. A wannan hali aka zaɓe shi shugaba na uku ranar 1 ga Maris, 1921.

Abin da Ya Gani a Colombes

A 1924 aka yi wasannin Olamfik a Paris, sai ga wata ƙungiya daga Yurugwai, ƙaramar ƙasa a Kudancin Amurka da yawancin Turawa ba su san tana buga ƙwallo ba. Ta lallasa Yugoslabiya da ci 7 da nema, ta fitar da Faransa mai masaukin baƙi da ci 5 da 1, ta kuma doke Suwizalan da ci 3 da nema a wasan ƙarshe a filin Colombes, gaban mutum fiye da 40,000. Cikin ’yan wasanta akwai José Leandro Andrade, baƙar fata, wanda jaridun Paris suka yi ta yayata bajintarsa. ’Yan kallo Faransawa, waɗanda aka fitar da ƙasarsu, suka miƙe suna tafa wa baƙi, su kuma baƙin suka zagaye fili suna gaida su. Daga ranar zagayen murnar cin kofi ya zama al’ada, har yau mutanen Kudancin Amurka suna jingina sunansa ga Olamfik.

Darasin a bayyane yake ga mai ido. Jama’a za su biya kuɗi su kalli ƙasashen da ba nasu ba, muddin wasan ya kai wasa. Sai dai dokar Olamfik ta hana ’yan sana’a shiga, ga shi ƙasashe irin su Ostiriya da Hangari da Cekoslobakiya sun fara biyan ’yan wasansu. Ke nan gwanayen da jama’a suka fi son gani su ne za a riƙa bari a gida. Sakataren hukumar Faransa, Henri Delaunay, shi ya fi kowa matsa wannan hujja a tarukan FIFA, kuma adalci ne a faɗi cewa tarihi ya tauye masa haƙƙi, domin rabin aikin nasa ne, sunan kuwa ya tafi ga Rimet. A taron Amsterdam na watan Mayu, 1928, aka zartar da shirya gasa ta FIFA zalla wadda kowane ɗan wasa zai iya shiga. A shekarar ce kuma hukumomin Birtaniya huɗu suka fice daga FIFA saboda saɓani a kan biyan ’yan wasa diyyar ranakun aikin da suka rasa. A taron Barcelona na 1929 aka ba Yurugwai masauki: ta sake cin Olamfik a 1928, tana shirin bikin cika shekara 100 da kundin tsarin mulkinta, ta kuma yi alkawarin gina sabon fili da ɗaukar nauyin tafiya da masaukin baƙi.

Tafiyar Montevideo

Da lokaci ya ƙarato, sai Turai ta noƙe. Tafiyar mako biyu ce a teku zuwa, mako biyu dawowa, ƙungiyoyi ba su son sakin ’yan wasansu wata biyu, ga tattalin arzikin duniya ya durƙushe tun ƙarshen 1929. Rimet ya bi ƙungiyoyi da iyayen gidan ’yan wasa yana lallashi kafin ya samu ko tawagar ƙasarsa. A ƙarshe ƙasashen Turai huɗu kaɗai suka je: Faransa, Beljiyam, Rumaniya da Yugoslabiya. Uku na farko sun shiga jirgin ruwa guda, Conte Verde, wanda ya tsaya a Rio de Janeiro ya ɗauki ’yan Birazil, ya isa Montevideo ranar 4 ga Yuli, 1930. Rimet yana cikin jirgin, kofin kuma yana cikin kayansa. Maƙerin zane Abel Lafleur ne ya ƙera shi da azurfa da aka shafe da zinariya, siffar wata mace mai fukafukai da Girkawan da suke ɗauka alamar nasara, tsayinsa santimita 35, nauyinsa kilo 3.8.

Ƙasashe 13 suka fafata. Bafaranshe Lucien Laurent ne ya ci ƙwallon farko a tarihin gasar, ranar 13 ga Yuli, a wasa da Meziko, gaban ’yan dubbai kaɗan, domin ruwan sama ya hana a gama babban filin Centenario sai ranar 18 ga wata. Wanda ya ga wannan somin-taɓi zai iya cewa gasar ba za ta kai labari ba.

Wasan ƙarshe, ranar 30 ga Yuli, shi ya nuna abin da aka haifa. Yurugwai da Ajantina maƙwabta ne, kogin Plata ya raba su. Dubban mutanen Buenos Aires suka yi cincirindo a tashar jiragen ruwa, wasu suka haye, wasu hazo ya tsare su a kan ruwa har aka tashi wasa ba su iso ba. A ƙofar fili an riƙa caje mutane ana neman makami. Alƙalin wasa, John Langenus na Beljiyam, bai yarda ya busa ba sai da aka tabbatar masa da tsaro da hanyar ficewa. Ko a kan ƙwallon da za a buga sai da aka yi gardama, aka raba: ta Ajantina kafin hutu, ta Yurugwai bayan hutu. Ajantina ta tafi hutu tana gaba da ci 2 da 1, Yurugwai ta dawo ta ci 4 da 2, kuma Héctor Castro, wanda ya rasa rabin hannunsa tun yana yaro, shi ya jefa ta ƙarshe. Washegari aka ba da hutu a Yurugwai. A Buenos Aires kuwa jifa aka kai wa ƙaramin ofishin jakadancinta.

Rimet ya koma gida yana ganin burinsa ya cika, kuma ya cika ɗin. Amma tun ranar alama ta nuna cewa zumuɗin da ke cika fili shi ne dai ke ɗaukar dutse. Ya ci gaba da imanin cewa ƙwallo za ta mayar da al’ummomi ’yan’uwa, bai taɓa sauka daga kan wannan ba.

Inuwar Mussolini

Gasar 1934 ita ce tabon da masu nazari suka fi nunawa a tarihinsa. An ba Italiya masauki alhali Benito Mussolini yana mulkin kama-karya, shi kuwa ya fi kowa sanin amfanin taro. Gwamnatinsa ta zuba kuɗi a filaye, ta cika gari da hotuna da tambura, rediyo ya kai wasannin cikin gidaje da dandali, har ma ya sa aka ƙera wani kofi na kansa, Coppa del Duce, wanda ya ninka na FIFA girma. Yurugwai ta ƙi zuwa kare kambunta don rama abin da Turai ta yi mata. Tsarin kuwa na sili ɗaya ƙwale ne, don haka Birazil da Ajantina suka ƙetare teku suka buga wasa ɗaya-ɗaya suka juya. Italiya ta ci Cekoslobakiya 2 da 1 a birnin Rum ranar 10 ga Yuni, Rimet yana zaune a mazaunin manya tare da Mussolini.

Masu kare shi suna cewa ƙasashe kaɗan ne a lokacin ke iya ɗaukar nauyin gasar, kuma da ba a yi ta 1934 ba da wataƙila ta mutu a jaririyarta. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta wanke shi sarai ba. Aƙidarsa ta cewa babu ruwan wasa da siyasa ta zama mayafin da ya hana shi ganin cewa mai mulki ya ari taronsa ya yi nasa biki. A 1938, a Faransa, abin ya fito fili. Jamus ta haɗiye Ostiriya a watan Maris, ta kwashi wasu ’yan wasanta, Sifaniya tana cikin yaƙin basasa, Ajantina da Yurugwai sun ƙaurace. A Marseille, Italiyawan da suka gudo daga mulkin Mussolini suka yi wa tawagar ƙasarsu ihu lokacin da ta ɗaga hannu irin gaisuwar ’yan Fasist, a wasanta da Faransa kuwa baƙaƙen riguna ta sa, launin jam’iyyar. Jikan Rimet, yaro ƙarami, shi ya zaro ƙuri’ar haɗa wasannin, hoto mai ban sha’awa a shekarar da ta rage saura ɗaya duniya ta kama da wuta. Italiya ta sake ɗaukar kofin.

A lokacin yaƙin ya nuna cewa yana da iyakar da ba ya ƙetarewa: ya ajiye shugabancin hukumar Faransa a 1942, zamanin gwamnatin Vichy da ke yaƙi da wasan sana’a, sai bayan an ’yantar da ƙasar ya dawo. Kofin kuma wani jami’in ƙwallon Italiya, Ottorino Barassi, ya ɓoye shi cikin kwalin takalmi a ƙarƙashin gadonsa. A taron Luxembourg na 1946 aka raɗa wa kofin sunan Rimet, kuma a shekarar ce ’yan Birtaniya suka dawo cikin FIFA, abin da ya daɗe yana nema.

Shirun Maracanã

Ranar 16 ga Yuli, 1950, ita ce ranar da wannan ɗan kallo ya ga iyakar abin da kallo ke yi wa mutane. Birazil ta gina filin Maracanã domin gasar. A zagayen ƙarshe, wanda aka yi bisa tsarin maki, ta ci Suwidin 7 da 1, ta ci Sifaniya 6 da 1, canjaras kawai take bukata a wasanta da Yurugwai. Waɗanda suka biya kuɗin shiga sun kai 173,850, ana kuma ƙiyasta cewa duka taron ya kusa 200,000. Jaridu sun riga sun naɗa zakara tun kafin a take ƙwallo. Rimet kansa, yana da shekara 76, ya shirya jawabin taya murna da harshen Fotugis ya sa a aljihu.

Friaça ya ci wa Birazil jim kaɗan bayan hutu, Schiaffino ya farke. Ana kunnen doki Rimet ya bar mazauninsa ya bi ta hanyar ƙarƙashin fili domin ya shirya miƙa kofi. Kafin ya ɓullo, Ghiggia ya jefa ta biyu, reshe ya juye da mujiya. Kamar yadda ya bayar da labari daga baya a littafinsa na tarihin gasar, wanda ya fito a 1954, ya fito ne ya tarar babu jerin sojoji, babu taken ƙasa, babu wanda ya san abin yi. Ya tsinci kansa cikin turmutsutsu da kofi a hannu, ya nemo kyaftin ɗin Yurugwai, Obdulio Varela, ya miƙa masa kusan a ɓoye, jawabin ya kwana a aljihu.

Mutum dubu ɗari biyu sun yi tsit lokaci guda. Daga baya Birazil ta daina sa fararen riguna, ta koma ruwan ɗorawar da aka san ta da shi, mai tsaron gidanta Moacir Barbosa kuma ya ɗauki laifin har ya mutu a 2000. A ra’ayin mai wannan rubutu, babu wani abu a rayuwar Rimet da ya gaskata hasashensa kamar wannan shiru, domin ya nuna cewa ƙwallo ta zama abin da al’umma ke auna kanta da shi. Babu kuma abin da ya ƙaryata fatansa kamarsa, domin ba ’yan’uwantaka aka je nema a Maracanã ba.

Afirka a Duniyar Rimet

Duniyar da yake nufi idan ya ce gasar duniya, Turai ce da nahiyar Amurka. Masar kaɗai ta wakilci Afirka a zamaninsa, a 1934, inda Hangari ta ci ta 4 da 2 a Naples, Abdurrahman Fauzi ya jefa ƙwallayen biyu. Sauran ’yan Afirka sun shiga ne a ƙarƙashin tutar masu mulkinsu, irin su Raoul Diagne, ɗan fitaccen ɗan siyasar Senegal Blaise Diagne, wanda ya buga wa Faransa a 1938. Rimet bai so a rarraba FIFA zuwa hukumomin nahiyoyi ba, yana ganin haka zai tsaga iyali guda. Amma iyalin da ’yan ɗaki biyu ne kawai ke da ta cewa a cikinsa, haɗin kansa bai amfani na tsakar gida ba. Wata huɗu bayan rasuwarsa, a watan Fabrairu na 1957, aka kafa hukumar ƙwallon Afirka a Khartoum, kuma sai da ƙasashen nahiyar suka ƙaurace wa gasar 1966 kafin a ba su gurbi nasu na kansu a 1970. Nijeriya ta fara zuwa a 1994.

Ƙarshen Rayuwa

Ya sauka daga mulki a watan Yuni na 1954, FIFA tana da mambobi fiye da 80. Gasar da aka yi a Suwizalan a shekarar ita ce ta farko da aka nuna a talabijin, wato ranar da ɗan kallo ya daina bukatar jirgin ruwa. Shi ya miƙa kofin ga Fritz Walter na Jamus ta Yamma, ƙasar da aka hana shiga gasar shekara huɗu kafin nan, a birnin Bern bayan sun ci Hangari 3 da 2. An gabatar da sunansa domin kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1956, ba a ba shi ba. Ya rasu a Suresnes, kusa da Paris, ranar 16 ga Oktoba, 1956, kwana biyu bayan ya cika shekara 83.

Kofin da ke ɗauke da sunansa bai daɗe ƙwarai a bayansa ba. An sace shi a Landan a watan Maris na 1966, wani kare mai suna Pickles ya tsinto shi a gindin shinge naɗe cikin jarida. Birazil ta mallake shi dungurungum a 1970 bayan ta ci sau uku, kamar yadda doka ta tanada. A watan Disamba na 1983 ɓarayi suka shiga ofishin hukumar ƙwallon ƙasar a Rio de Janeiro suka ɗauke shi, ba a sake ganinsa ba, kuma zaton da ya fi ƙarfi shi ne narkar da shi aka yi. A 2015 aka gano tsohon gindinsa na shuɗin dutse, wanda aka sauya a 1954, a wani ɗakin ajiya na FIFA a Zurich. Sunayen da ke jikinsa na ƙasashe biyu ne, Yurugwai da Italiya, kowacce sau biyu.